RA'AYINMU: Bargo Da Laima

Akwai wata shawara da ake ta juyawa a manyan jami'o'i da ofisoshin gwamnatocin Turai da Amurka, wadda in har aka zartar da ita za ta taɓa tukunyar tuwon kowane gida tun daga Sakkwato har Tafkin Chadi, amma da wuya ka ji an ambace ta a ɗakunan kwananmu, balle a gindin bishiyar da ma'aikata kan zauna bayan an tashi daga ofis. Shawarar kuwa ita ce, tun da duniya tana ƙara zafi, manyan ƙasashe kuma sun kasa rage hayaƙin da ke jawo zafin, to, a hau can ƙololuwar sama da jirage a riƙa watsa ƙurar farar wuta, ko kuwa a riƙa fesa ruwan gishiri cikin gizagizan da ke bisa teku don su ƙara fari, watau a yi wa duniya inuwa da hannu. A shekarar 2025 wata hukumar bincike ta gwamnatin Ingila ta ware kusan fam miliyan 57 domin nazarin irin waɗannan dabaru, har da ƙananan gwaje-gwaje a fili. Ashe maganar ta wuce tatsuniya. Wannan mujalla tana da ra'ayi a kai, amma kafin mu faɗe shi ya kamata mu bi da mai karatu ta hanyar da muka biyo, domin wanda bai san yadda zafi ke shiga duniya da yadda yake fita ba, ba shi da bakin cewa e ko a'a.

Rana tana aiko wa duniya haske. In aka raba shi daidai bisa fuskar duniya duka, aka haɗa dare da yini, kowane murabba'in mita yana samun kimanin wat 340. Kusan kashi 30 cikin 100 na hasken nan ba ya zama, yana komawa sama nan take, saboda gizagizai da ƙura da ƙanƙara da farin rairayi suna mai da shi kamar yadda madubi ke yi. Ragowar ita ce ƙasa da teku da iska ke shanyewa su ɗumama. Kowane abu mai ɗumi kuwa yana fid da zafinsa ta wani irin haske wanda ido ba ya gani amma fata tana ji, shi ne hucin nan da kan bugi fuskar mutum in ya bi ta jikin katangar da ta yini a rana bayan an yi magariba. Ta wannan ƙofa kaɗai duniya ke sauke zafin da ta ɗauka. Muddin abin da ya shigo da abin da ya fita sun yi daidai, zafin duniya zai tsaya wuri guda. In fita ta gaza shiga, ko da kaɗan ne, sai ragowar ta yi ta taruwa.

Da a ce hucin nan yana wucewa kai tsaye ba abin da ke tare shi, da matsakaicin zafin duniya ya zama digiri 18 ƙasa da sifiri, da kuma teku ya daskare. Alhali kuwa abin da ake aunawa kimanin digiri 15 ne sama da sifiri. Tazarar digiri 33 ɗin nan aikin wani bargo ne da Allah ya lulluɓe duniya da shi. Abin mamaki, iskar da ta fi yawa, naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska, ba ruwansu da hucin, ta cikinsu yake ratsawa ya wuce. Masu tare shi 'yan tsiraru ne, watau tururin ruwa, da iskar kabon-dayoksaid, da metan, da wasu kaɗan. Wani Bafaranshe, Joseph Fourier, shi ya fara hango haka a shekarun 1820. A 1856 wata mace Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika tulun gilashi da iskar kabon ta ajiye a rana, ta ga ya fi na iskar yau da kullum zafi. A 1859 John Tyndall ya auna abin sosai a birnin Landan, kana a 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya zauna da takarda da fensir ya lissafa cewa in aka ninka kabon da ke sama duniya za ta ƙara zafi da digiri 5 zuwa 6. Da gangan muka jero shekarun nan, saboda 'yan'uwanmu da kan ce wai maganar ɗumamar duniya makirci ne da aka ƙulla jiya don a hana matalautan ƙasashe cin man fetur ɗinsu. Sa'ad da Arrhenius ke lissafinsa Turawa ba su ci Kano ba tukuna, kuma sai bayan shekara 60 aka tono mai a Oloibiri.

Aikin tururin ruwa ba sai an koya wa Bahaushe shi ba, ya san shi a jikinsa. Da hunturu iska tana zuwa daga hamada a bushe ƙayau, saboda haka da rana ta faɗi sai zafin yini ya tsere, kafin asuba mutum yana neman wuta. Da bazara kuwa, in iskar teku mai danshi ta fara isowa, sai a kwana ana juyi da mafici a hannu, ko da yake ranar ta faɗi tun tuni. Amma tururi ba shi ke jan ragama ba. Yawansa ya dogara ga zafin iska, in ya wuce kima sai ya sauko ruwa cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Kabon kuwa in ya hau, wani sashensa yakan yi ɗaruruwan shekaru bai sauko ba. In ya ɗan ɗumama iska, iskar sai ta ƙara ɗaukar tururi, kimanin kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri guda, tururin kuma ya ƙara ɗumama ta. Kabon ne mawaƙin, tururi ɗan amshi. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowace ƙwaya miliyan ɗaya ta iska kimanin 280 ne na kabon. Da Charles Keeling ya fara awo a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi a 1958 ya sami kimanin 315. A 2024 ya haura 420, a shekarar nan kuma zafin duniya ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri ɗaya da rabi. Kwal da man fetur da iskar gas da siminti da sarar daji su suka kawo ƙarin.

Kiran abin bargo yana da amfani, amma akwai wani ɗan bayani da sai an riƙe shi kafin a gane gizagizai. Hucin da ke tashi daga ƙasa ba ya samun fita sai ya kai wani tsawo inda iska ta yi shara-shara. In aka ƙara kabon, ƙofar fitar sai ta ƙara matsawa sama. Sama kuwa ta fi sanyi, abu mai sanyi kuma kaɗan yake fitarwa. Don haka fita sai ta ragu, tilas duk abin da ke ƙarƙashi ya ƙara zafi har a sake yin daidai. Ninka kabon yana rage fitar da kusan wat 4 a kowane murabba'in mita.

To, girgije shi ne mai fuska biyu. Da rana laima ne, da dare bargo. Yinin da aka yi lumshi yakan yi sanyi, daren da aka yi lumshi yakan yi ɗumi. Wanne ya fi rinjaye? Ya danganta da kaurin girgijen da kuma tsawon da yake. Girgije mai kauri da ke ƙasa-ƙasa, irin wanda kan shimfiɗu ɗaruruwan kilomita bisa teku daura da Namibiya da Angola, ko Peru, ko Kalifoniya, fari ne fat, yana mai da hasken rana da yawa, kuma da yake bayansa bai fi ruwan tekun sanyi sosai ba, yana sakin huci kusan kamar yadda tekun zai saki. Wannan laima ce zalla. Amma siririn girgijen nan na can sama, mai kama da audugar da aka ja, hasken rana yana ratsa shi, shi kuwa ya kama hucin ƙasa, sa'an nan da yake sanyinsa kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, abin da yake saki sama bai taka kara ya karya ba. Wannan bargo ne. Awon taurarin ɗan'adam da aka fara bugawa a 1989 ya nuna cewa in an haɗa duka, gizagizai suna mayar da kusan wat 50, suna riƙe kusan 30, watau suna sanyaya duniya da kimanin wat 20. Mai karatu ya gwada wannan da wat 4 ɗin da muka ambata. In sanyayawar nan ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar kawai, daidai yake da an sake ninka kabon.

Nan ne gizo ke saƙa. Kwamfutocin da ke kwaikwayon sararin sama suna yanka shi gida-gida, kowane gida faɗinsa kamar kilomita 100, girgije kuwa sau da yawa bai kai kilomita guda ba, sai dai a yi masa kintace. Shi ya sa kwamitin da Jule Charney ya shugabanta a Amurka a 1979 ya ce ninka kabon zai kawo ƙarin digiri 1.5 zuwa 4.5, kuma har rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ana nan a kan wannan tazara. Shekara 34 gizagizai suna wasa da hankalin masana. A rahoton 2021 ne aka matse tazarar ta koma 2.5 zuwa 4, aka kuma tsai da cewa gizagizai za su ƙara zafin ne, domin in teku ya ɗumama fararen nan na ƙasa-ƙasa sukan sirance su yayyage, na sama kuma su ƙara hawa inda ya fi sanyi. A lura, ƙarshen tazarar na sama ya sauko da rabin digiri, na ƙasa kuwa, wanda masu son kwanciyar hankali ke jingina da shi, ya hau da digiri guda cur. A 2023 taurarin ɗan'adam sun ga hasken da duniya ke mayarwa ya yi ƙasa fiye da duk abin da suka taɓa aunawa, kuma raguwar ƙananan gizagizai ce kan gaba a dalilan.

Yanzu mu dawo gida, domin an taɓa gwada wasa da gizagizai a kanmu, ko da yake ba da niyya ba. Iyayenmu ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, da kuma na 1983 da 1984, sa'ad da gero ya ƙone a gona, shanu suka zube a hanyar kudu, Tafkin Chadi wanda a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000 ya janye har ya rage kimanin kashi ɗaya cikin goma. Ruwan sama a yankin Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 in an gwada da shekarun 1950. Wa aka ɗora wa laifi? Manomi da makiyayi. A 1975 shi Charney ɗin nan ya kawo bayani cewa in dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari, za ta riƙa mai da hasken rana, iska ta daina tashi, hadari ya daina haɗuwa. Bayanin yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya shiga littattafan makaranta, har yau kuma akwai ɗaliban da ke haddace shi su zuba a takardar jarrabawa. Amma tun 1986 masana a Ingila suka nuna cewa farin yana tafiya ne tare da zafin ruwan tekuna, kana a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa in ka ba kwamfuta zafin tekuna kaɗai, ba ka gaya mata kome game da akuya ko gatari ba, za ta fid da farin nan kusan yadda ya auku.

Me ya taɓa tekun? Ruwan damina yana bin wata ɗamarar hadari da ke matsowa arewa kowace shekara, tana karkata wajen sashen duniyar da ya fi ɗumi. A shekarun nan arewacin Tekun Atilantika ya yi sanyi in an gwada da kudancinsa, sai ɗamarar ta kasa isowa inda ta saba. Wani ɓangare na sanyin juyin teku ne na asali. Wani ɓangaren kuwa, bisa ga bincike da dama da aka yi tun 2002, hayaƙin farar wuta ne daga masana'antu da tashoshin lantarki na Turai da Amurka. Ɗigon ruwan girgije ba ya haɗuwa sai ya sami ɗan ƙwayar da zai manne wa. In ƙwayoyin suka yi yawa, ɗigo sai ya yi yawa ya kuma ƙanƙance, girgijen ya ƙara fari, ya ƙara inuwa bisa tekun. Ana ganin haka ƙarara a hotunan sama, inda jiragen ruwa kan bar fararen layuka cikin gizagizai a bayansu. Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karo tsuntsun da ya kori ruwa yana can ƙetaren teku, mai akuya aka kama.

Da Turai ta fara tsabtace hayaƙinta bayan yarjejeniyar Janeba ta 1979, don ceton dazuzzukanta da huhun mutanenta, ruwa ya fara dawo mana daga shekarun 1990. Sai dai ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manya-manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, saboda hamada tana ƙara zafi da sauri. Ruwan wata guda sai ya sauko a dare ɗaya. Mutanen Maiduguri sun ga haka ran 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ko da yake ba daidai ba ne a ɗora wa sama laifin duka, tun da gyaran madatsa aikin mutane ne, kuma ruwan Alau ya taɓa cin garin a 1994.

Da wannan tarihi a hannu muke duban shawarar yi wa duniya inuwa. Masu ita suna kafa hujja da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin, wanda ya yi aman wuta a 1991 ya watsa kimanin tan miliyan 15 na iskar farar wuta can sama, duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri shekara ɗaya zuwa biyu. Gaskiya ne. Amma akwai waɗansu duwatsun da ba su cika ambata ba. A 2013 masana na hukumar yanayi ta Ingila suka lura cewa uku daga cikin damuna huɗu mafiya fari a Sahel tun 1900 sun biyo bayan aman wuta a arewacin duniya. Dutsen Katmai na Alaska ya fashe a 1912, damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da kakanninmu suka sa wa suna Ƙaƙalaba, ga kuma harajin Turawa ba sassauci. Dutsen El Chichón na Meziko ya fashe a 1982, sai ga 1983 da 1984. Lissafinsu ya nuna cewa in aka watsa ƙurar a arewacin duniya kaɗai Sahel zai bushe, in kuma a kudanci kaɗai aka watsa Sahel zai yi kore amma arewa maso gabashin Birazil ya bushe. Watau duk wanda ke riƙe da bututun yana riƙe da daminar wani. Har wa yau, ƙurar tana saukowa cikin shekara ɗaya ko biyu, kabon kuwa yana nan, saboda haka in an fara tilas a yi ta yi har jikokin jikoki. Ran da yaƙi ko talauci ya tsai da jiragen, zafin da aka danne zai taso gaba ɗaya cikin 'yan shekaru.

Ra'ayinmu ke nan: ba mu yarda a taɓa sama da sunan ceton duniya ba, alhali nahiyar da ba ta fid da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya ba ita ce za ta fara ɗanɗana kuskuren. Mun goyi bayan ministocin muhalli na Afirka da suka nemi a ƙulla yarjejeniyar hana amfani da wannan dabara a taronsu na Adis Ababa a 2023, suka kuma tsaya a kan bakansu a taron Nairobi na 2024. Magani na gaskiya shi ne a rage abin da ake ƙonawa, kuma masu ƙonawa da yawa su fara. Mu ma ba mu wanke hannunmu ba. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin man Neja Dalta, ga shi an haifi waɗanda suka haife mu a ƙarƙashin wa'adin, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona ta.

Amma ƙin yarda kaɗai ba ya isa. Ran da za a zauna a teburi, za a baje taswira da lissafi, wanda ba shi da nasa lissafin kuwa sai dai ya gyaɗa kai. Kwamfutocin duniya har yanzu ba su daidaita a kan makomar daminarmu ba, mafi yawansu suna nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel da raguwa a yamma wajen Sanagal, kuma babban dalilin saɓaninsu shi ne ƙarancin awo daga ƙasarmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, in dai yana duba rufin. Fari ne ya sa aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. A 2016 sai da masana suka taso daga Turai da jiragen sama uku suka haɗu da takwarorinsu a Kumasi da Save da Ile-Ife, don auna ƙananan gizagizan damina na kudancin Afirka ta Yamma waɗanda kwamfutoci suka kasa kamawa. Muna yaba musu, amma abin kunya ne a ce gizagizan da ke bisa kanmu sai baƙo ya zo ya ƙirga mana.

Da yawanmu mun fito daga makarantun sakandare inda akwai ɗan farin akwatin nan mai ƙafafu a bayan ajin labarin ƙasa, ƙofarsa a karye, ma'aunin zafi ya ɓace, zanzaro ya yi gida a ciki. Yayyenmu da ke aiki a ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi sun san inda tsofaffin rajistocin ruwan sama suke, a ƙasan kabad, gara tana ci. Wasu garuruwanmu kamar Kano da Damagaram suna da awon ruwa tun farkon ƙarni na 20, dukiyar da ba kuɗin da zai sake sayo ta in ta salwanta. Muna roƙon duk ma'aikacin da rajista irin wannan ke ofishinsa ya ɗauki hotonta shafi-shafi da wayarsa kafin damina mai zuwa, ya miƙa wa sashen labarin ƙasa na jami'a mafi kusa. Muna roƙon malamanmu su bar ɗaliban ajin ƙarshe su ɗauki kwafe rajistocin nan da tantance su a matsayin aikin kammala digiri, maimakon a yi ta maimaita kundin bara.

A zaman majalisar ɗalibai mai zuwa wakilan wannan mujalla za su kawo ƙudurin cewa ƙungiya ta sayi ma'aunin ruwan sama da na zafi daga kuɗin da aka ware wa bikin ƙarshen shekara, a kafa su a fili nesa da gini da bishiya, a raba duty ɗin karatunsu tsakanin ɗakunan kwana mako-mako, har da lokacin hutu, tun da hutun ya kan faɗo tsakiyar damina. Za a riƙa karantawa kowace safiya a lokaci guda, a rubuta yawan girgije da irinsa, na ƙasa ne ko na sama, a manna a allon sanarwa cikin Hausa da Turanci. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbin fanko, domin mai lissafi da zai zo bayan shekara 50 ba zai iya bambanta ranar fari da ranar da mai awo ya makara ba.